Amanar Jini

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata, uwa bayan uwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau, ke da Baban Ummi da 'yan matana biyu. Yaya makaranta, yaya fama da ɗalibai? Yaya gwiwar Baba? Yana shan maganin kuwa, ko har yanzu a ƙarƙashin matashi yake tura shi ya ce ya sha? Ki gaishe mini da shi, ki ce Autarsa na nan lafiya.

Na san za ki yi dariya ki ce yau kuma wace rana, ni da waya ba ta barin hannuna na ɗauki biro. Direban sashenmu ne zai bi ta wajenku, na ga bai dace ya zo hannu rabbana ba. Littattafan da ke cikin ledar na Ummi ne, takalmin na Ƙarama. In ya yi mata yawa ta yi haƙuri, ƙafar yaro ba ta komawa baya.

Har yanzu ban gode miki yadda ya kamata ba kan zuwan da kika yi watannin baya kika ba da jininki a bincikenmu. Kin sha hanya, kin sha zama a bencin asibiti, kuma na san yadda kike da allura. Ranar kin tambaye ni me muke yi da jinin, na ce sai mun zauna, ba mu kuwa zauna ba. To bari in faɗa miki, ko kya gyara wa Baba, don na ji yana gaya wa mutane wai ni likita ce. Ni ko ƙurji ban taɓa matse wa kowa ba.

Jinin da ake ɗiba a asibitin jami'a, akwai na'urar da ke karanta ƙwayoyin gadon da ke cikinsa, wato abin da mutum ya gada daga uwa da uba. Ki ɗauka wani dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal ana ta jujjuya su, wanda mutum zai tsufa bai karance shi da ido ba. Wannan rubutun ake turo mana a kwamfuta. Aikina shi ne in rubuta wa kwamfutar umarnin da za ta bi, ta jera rubutun matan da suka yi sankarar mama da na waɗanda ba su yi ba, ta nemo inda harafi ya sauya. In Allah ya taimake mu, wata rana za a gane mace mai haɗari tun ciwon bai taɓa ta ba, ba irin na Umma ba, da sai da ya ci ya cinye sannan aka san da shi.

Ɗakin aikinmu ba taga, ga sanyi kamar cikin firij, saboda injinan ba sa son zafi. Duk a ƙarƙashin Farfesa muke. Maƙwabcin teburina shi ne Dogo, wanda ya riƙe miki jaka har bakin get. Ya kusa kammala digirinsa na uku, ya rame ya zama tsinke, kullum cikin rigar sanyi da kofin shayi. Mu a nan ba ma ganin sunan kowa, lamba kawai muke gani. Sunayen suna wajen wata Dakta a asibitin, ita kaɗai ta san wace lamba ce ta wa. Alkawarin da aka yi muku ke nan, mu ma a kansa aka ba mu aikin.

Yaya, wata 'yar magana. Yaushe rabon da ki je a duba ki? Ba wani abu ba ne, kawai dai kin kai shekarun da ya kamata, ga kuma tarihin gidanmu. Akwai likitar mata a babban asibitinku da ake yabo. Ki daure ki je cikin watan nan, don Allah kada ki ce sai an yi hutu. Wallahi ba wani abu ba ne, tunani ne kawai irin na mai wuni da waɗannan abubuwa.

Ki shafa mini kan yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa ya tashi lafiya.

Jiya da kika kira kika ce, "Auta, ni na goya ki, in kika ce ba wani abu ba ne har sau biyu, to wani abu ne," na ce miki layi ba kyau. Layi garau yake. Ni na katse wayar, don bakina ya kasa ɗaukar maganar. Rantsuwar da na yi miki a takardar farko kuma, Allah ya yafe mini ita. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban yara.

Kwanakin baya aka turo mana sabon rukunin sakamako, Farfesa ya ce in tace shi, in ware waɗanda na'ura ba ta karanta da kyau ba. Aiki ne da na saba. Kowace lamba akwai 'yan bayanai a gefenta: shekarun mace, haihuwarta nawa, makon da aka ɗebi jininta, ko wani nata ya taɓa yin ciwon. Da rana tsaka ne, kowa ya fita cin abinci. Sai zuciya ta ce mini, ai Yaya na cikin nan. Na yi a'uziyya, na tashi na sha ruwa na dawo. Ta sake raɗa mini. Layi biyu kacal na rubuta: a ware mini mai shekarunki, mai haihuwa biyu, wadda ta zo a makon da kika zo, wadda mahaifiyarta ta yi ciwon. Ɗaruruwan lambobi suka ɓace daga allon, saura ɗaya tal.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ban tsaya ba. Na buɗe.

Akwai wani wuri a cikin rubutun da duk mai irin aikinmu ya san shi, a wata ƙwaya da aikinta shi ne gyaran ɓarnar da ke faruwa a jiki. A lambar nan wasu haruffa sun faɗi a wurin, irin faɗuwar da aka daɗe da sanin tana ɗaga haɗarin sankarar mama sosai. Na duba, na sake dubawa ta wata hanyar, ina fata in ga na'ura ce ta yi tuntuɓe. Abin yana nan daram. Ban san lokacin da Dogo ya dawo ba, sai ji na yi yana tambayata ko zazzaɓi nake. Na ce sanyin ɗakin ne.

Ki fahimce ni da kyau, Yaya. Wannan ba ya nufin kina da ciwon, ba ya nufin dole sai kin yi shi. Kuma karatun na'urarmu na bincike ne, ba na asibiti ba, sai an sake ɗibar jini an gwada a inda aka amince da gwajin. In ya tabbata akwai abin yi, tun daga dubawa a kai a kai, wanda Umma ba ta samu ba.

Amma na san abin da kika ce. Ina tsaye a bayanki da ma'aikaciyar ta tambaye ki ko kina son a sanar da ke in an ga wani abu. Kika ce a'a. Kika ce ke kika yi jinyar Umma daga farko har ƙarshe, kin ga abin da kika gani, ba za ki rayu kina kasa kunne kina jiran sallamarsa ba. Kika ce don 'ya'yan wasu kika ba da jinin. Da kunnena na ji. Na zo na tsallake maganarki kamar ba a yi ta ba. Yanzu in na yi shiru na cuce ki, in na faɗa na ci amanarki, kuma ba wanda ya tura ni cikin ramin nan, da ƙafata na shiga.

A nan ban gaya wa kowa ba. Ina zuwa aiki, ina gaida Farfesa ina kallon takalminsa. Shekaranjiya ya yaba mini a gaban kowa wai na tace rukunin da tsafta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba na roƙon ki yafe mini yanzu, ban kai nan ba. Ki je a gwada ki kawai, in ya so ki zage ni daga baya, zan tsaya in ji.

Allah ya kare mini ke.

Ƙanwarki mai laifi,
Auta

Ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Ina fata kin ɗan samu barci, ina fata Baba da yara suna lafiya.

Na daina kiran wayarki, na gane ba kya son jin muryata, kuma kina da gaskiya. Baban Ummi ya kira ni. Tunda ya aure ki bai taɓa ɗaga mini murya ba, kin san shi da zolaya, kullum "Farfesar gidanmu". Wannan karon ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ilimin naki ke nan?" Ya ce kin ɗauki hutu a makaranta ana tsakiyar jarrabawa, abin da ba ki yi ba ko lokacin da kike da cikin Ƙarama. Ya ce abinci sai an yi da gaske. Ya ce kin tafi asibiti ke kaɗai an ɗebi jinin, kin hana shi raka ki, an ce sakamakon zai ɗauki makonni. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na Ummi. Ya ce ta ji kuna magana, ta same shi yana wanke mota ta tambaye shi ko Mama za ta mutu kamar kaka, in kuma gado ne, ita ma tana da shi? Yarinyar da ko makarantar sakandare ba ta yi nisa ba. Ni na sa mata wannan tambayar a baki.

A nan ma asiri ya tonu, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ni na kai kaina ba. Na yi ta cewa gobe, gobe, har aka riga ni. Ni da nake wuni ina ba kwamfuta umarni, na manta ita ba ta mantuwa. Duk abin da mutum ya nema a rumbun bayananmu tana ajiye shi da sunansa, kuma akwai masu bin sawu lokaci zuwa lokaci. Farfesa ya aiko a kira ni. Na shiga na tarar da Dakta mai riƙe da sunaye a zaune, ga layukan nan nawa guda biyu a buɗe a allonsa. Ya juyo da allon wajena ya ce, "Wa kike nema?"

Na ce yayata.

Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Cire tabarau ya yi ya daɗe yana murza ido. Mutumin nan shekara da shekaru yana bin asibitoci yana lallashin mata su yarda a ɗebi jininsu, ana ce masa sayarwa zai yi, ana ce masa tsafi ne, yana haƙuri yana bayani. Ya ce, "Matan nan ba injina suka miƙa wa hannunsu ba. Ni suka kalla na ce musu ba wanda zai gane su. Kin mai da ni maƙaryaci." Dakta ta tambaye ni ko na gaya wa mai jinin. Na ce e. Ta rufe ido ta ce inna lillahi.

An kai maganar gaban kwamitin da ke kula da ƙa'idar bincike. Kafin su zauna sun rufe rumbun gaba ɗaya, ba ni kaɗai ba, har sauran 'yan ɗakinmu, sai an gama bincikar yadda aka yi layi biyu suka isa a ware mutum. Kin ga laifin ɗaya ya shafi dangi. Dogo saura masa lissafi na ƙarshe ya miƙa kundin digirinsa. An riga an sa masa ranar kare shi, akwai wata cibiyar bincike da ke jiransa da aiki, matarsa ga tsohon ciki. Yanzu an ɗage ranar, ba a kuma ce zuwa yaushe ba.

Katin aikina ya daina buɗe ƙofar ɗakin. Ina tsaye a baranda kamar baƙuwa, ina tunanin wa zan roƙa ya miƙo mini jakata da rigar sanyina, sai ga Dogo ya fito da su. Na shirya jin duk abin da zai faɗa, har na sunkuyar da kai. Ya miƙo mini kayan ya ce, "Yaya jikin Yaya?" Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sauka matakala da gudu kamar wadda aka kora.

Yanzu a ɗakina nake wuni. Maƙwabciyata ta ɗauka hutu aka ba mu, har tana cewa na huta. Ba na son fita, don gani nake kowa a jami'ar ya sani. Kada ki gaya wa Baba maganar aikin nan tukuna, ki bar shi yana cewa ni likita ce na ɗan lokaci.

Ki ce wa Ummi ina gaishe ta, in kin ga ya dace a ambaci sunana a gidan. Allah ya sa mu ji alheri.

Auta

Ranar Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barkanmu. Ina gaida Baban Ummi, ina gaida yara, Allah ya ƙara mana lafiya gaba ɗaya.

Kalma huɗu kika faɗa mini jiya kika kashe waya: "Ba ni ba ce." Ban samu na ce komai ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Lokacin da kiranki ya shigo ina asibitin, kwamiti ya ce in je in ga Dakta. Ashe ta riga ta kira ki. Ita ta warware mini sauran. Dole ne su san bayanan wa na buɗe, don haka aka ba ta izini ta duba sunan da ke bayan lambar. Ba naki ba ne. Jininki ko karanta shi ba a yi ba, yana nan a firiza yana jiran rukuni na gaba. Ni da nake ji da kaina a lissafi, ban tsaya na tambayi kaina ko kina cikin rukunin ba ma. Na ga saura lamba ɗaya, na yanke hukunci. In ɗaliba ce ta kawo mini irin wannan aikin, da jan biro zan bi shi.

Ga abin da nake son in gaya miki, don ban da ke ba wanda zan iya gaya wa. Da kika ce ba ke ba ce, tsalle na yi. Na ɗaga hannu na ce alhamdulillahi da ƙarfi, ina dariya ina hawaye, a tsakiyar barandar nan da kika sani, ga mata jere a benci suna jiran a kira su. Wata ma ta ce mini barka, ta ɗauka nawa sakamakon ne ya fito da kyau. Na juya sai na ga Dakta a bakin ofishinta tana kallona. A kallon nan na gane me nake wa murna.

Yaya, haruffan nan ba su ɓace ba. Suna jikin wata. Shekarunta ɗaya da naki, 'ya'yanta biyu kamar ke, ita ma mahaifiyarta ta yi ciwon nan, ta zo a makon da kika zo, wataƙila ma benci ɗaya kuka zauna. Na shiga sirrinta ba sallama, na ga abin da ita ba ta sani ba game da jikinta, sannan na yi godiya ga Allah da ya sa ita ce. Na san duk wanda aka ce ɗan'uwansa ya tsira zai yi murna. Amma ni ba ni da bakin yin ta a wurin nan.

Akwai kuma wadda ta fi wannan, tun da na fara gara in ƙarasa. A takardata ta biyu na bar ki kina ganin kamar don damuwa da ke na duba. Ba duka gaskiyar ke nan ba. Mu ma'aikata an hana mu sa jininmu a binciken. Ni kuwa tun rasuwar Umma tsoro ke cina. Ke kika yi jinya, ni na ɓuya a makaranta ina cewa karatu ya yi yawa, don ba na iya shiga ɗakin. Ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa a gwada ni ba. Sai na ce bari in leƙa na Yaya, in nata lafiya wataƙila nawa ma lafiya. Da jikinki na yi wa kaina duba. Makonnin da kika yi ba ci ba barci, tsorona ne na sauke miki.

Kwamiti zai zauna a mako mai zuwa. Duk abin da suka yanke na karɓa.

Ki ci abinci, don Allah. Ki koma wa ɗalibanki. Na gaishe ki da kyau.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ga kowa da kowa, tun daga Baba har Ƙarama. Na ji daɗin saƙon Baban Ummi cewa gwajin asibitinki ya fito lafiya, kuma kin koma aji. Ya ce Ummi ta dawo da surutunta. Ki gode masa, ya kira ni "Farfesa" a ƙarshen saƙon, ko da yake na san da sauran fushi.

An yanke hukunci. Ba a kore ni ba, amma an cire ni daga binciken sankarar kwata-kwata, kuma shekara guda ba zan taɓa bayanan wani ɗan Adam ba. Aikin da na yi nisa a kai ya tafi, zan faro wani a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, su dai ba su da sirrin da zan ci amanarsa. An gyara rumbun yadda ba za a ƙara iya ware mutum ba, an buɗe wa sauran. Dogo zai kare kundinsa, amma cibiyar nan ba ta jira shi ba, sun ɗauki wani. Na je har gidansa ba da haƙuri. Matarsa ta haihu, ta miƙo mini jaririn na riƙe, na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa cewa ya yi rabonsa ba ya can. Wannan ba abin da zan iya gyarawa ba ne, kuma na sani.

Matar nan mai lambar da na buɗe an sanar da ita a asirce, don ita tun farko ta ce tana son a gaya mata in an ga wani abu. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan, ban kuma nemi ƙari ba.

Farfesa ya ce ba zai ɓoye wa sauran matan ba. Aka gayyace su taro a ɗakin karatu na asibitin, aka ce ba dole in je ba. Na ce zan je. Ɗakin ya cika, wasu da goyo, wasu da ɗankwali a kan da magani ya zubar wa gashi. Farfesa ya yi bayani bai ambaci sunana ba, ya ce duk mai son a cire jininta za a cire. Sai na ga in na bar shi ya sha kunyar shi kaɗai, na ƙara wani laifin. Na miƙe na ce ni ce. Na faɗi abin da na yi, da wadda nake nema, da yadda ya zama ba ita ba ce.

Wata ta ce Allah ya isa, ta ɗauki jakarta ta fita, wasu suka bi ta. Wata ta tambaya ko nata ne aka buɗe, Dakta ta ce wadda abin ya shafa ta riga ta sani. Sai wata dattijuwa a layin gaba, da sanda a hannunta, ta ce, "'Yata, da aka ce miki ba 'yar'uwarki ba ce, me kika ji?"

Na so in ce baƙin ciki. Bakina ya ƙi. Na ce, "Murna na yi, Baba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, kin dai faɗi gaskiya. Ni jinina ya zauna. Amma ke kada ki ƙara kusantarsa." Na ce in sha Allahu. Waɗanda suka janye suna da yawa, Yaya, aikin shekaru ne ya zube. Waɗanda suka zauna sun fi yawa, kuma ba don ni ba.

Da ake fita na tsaya a gefen ƙofa. Mata masu shekarunki suna wucewa, na ji idona yana son ya fara lissafi, wannan ce ko waccan. Na kafe shi a ƙasa har ɗakin ya watse. Wata ta tsaya a gabana, takalminta kawai na gani, baƙi mai ɗan tsini. Ta gyara mini mayafina da ya zame ta wuce. Ban ɗaga kai ba, ban kuma san ko wace ce ba.

Dakta ta ce kin aiko cewa a bar jininki a binciken. Na gode.

Saura roƙo ɗaya, kuma in kin ƙi ba zan ga laifinki ba. Lafiyar sakamakonki ba ta ce komai a kaina ba, kowa da rabon da ya ɗauka. Na je na sa sunana wajen likitar da ke ba da shawara kafin gwaji, ta ƙofar da kowa ke bi. An ba ni Alhamis ta sama da safe. Sun ce mutum ya zo da wani nasa. Na daɗe ina kallon wurin da aka bari a rubuta sunan mai rakiya, ban rubuta komai ba, don ba ni da ikon rubuta naki sai kin ce. Tsoro nake ji, Yaya. In za ki zo, ki turo mini ko da harafi ɗaya ne, zan tare ki a tasha. In ba za ki iya ba, zan je ni kaɗai, kuma duk abin da aka gaya mini ba za ki ji shi ba sai in ke kika tambaya.

Baba kuma ki bar mini shi, ni zan zo in gaya masa da bakina.

Allah ya bar mini ke, ya raya su Ummi. Wassalam.

Ƙanwarki har kullum,
Auta